Gaba Tara na Rijiyar Baba

Kun daɗe kuna tambayata dalilin da ya sa na bar aikin jirgin ruwa, kuma na san amsar da kuke ba junanku idan ba na wurin. Wasunku sun ɗauka sallamata aka yi. Babbar yayarku, Allah ya yi mata albarka, har yau tana ganin gajiya kawai na yi, na kwaso ku daga Ikko kuna tsakiyar karatu na zube ku a ƙauye. Babu ko ɗaya a ciki. Na yi shiru ne don maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Yanzu wana Sale, wanda kuke kira Baba Sale, ya riga mu gidan gaskiya, matarsa Habi kuma ta yarda in rubuta, da sharaɗin in faɗi cewa ita ta fara ganewa. To, ga shi na faɗa.

Sai dai dole in fara da wata kalma ta Turanci, don ba don ita ba, da ban san ta inda zan ɓullo wa Yaya Sale ba. Na shiga jirgi ina saurayi, bayan na raka shanu Ikko na ƙi dawowa. Aikin da ya zama nawa a jirgin shi ne jefa darma. Idan za mu shiga bakin kogi, kamar hanyar Sapele ko Duwala, inda yashi ke tashi daga nan ya koma can tsakanin damina da damina, kyaftin ba ya sakin jiki da na'ura ita kaɗai. Sai a tsayar da mutum a gefen jirgi da doguwar igiya mai curin darma a bakinta, ya wulwula ya jefa, ya ji ta taɓa ƙasa, ya faɗi zurfin da ƙarfi. Jikin igiyar akwai alamu: fata a biyu da uku, farin tsumma a biyar, jan tsumma a bakwai, fata mai huda a goma. Gindin darmar kuma da rami, ana cusa masa kitse, don in ta taɓa ƙasa ta ɗebo abin da ke can, ko yashi ko laka ko tsakuwa. Awon da ake faɗin zurfin da shi, Turawa suna rubuta shi fathom, mu kuma bakinmu ya mayar da shi fadam.

Wanda ya koya mini aikin wani tsohon Bature ne mutumin Libaful, shi ne bosin, wato sarkin aikinmu na saman jirgi. Wata rana ya ce in ware hannuwana iyakar warewa, ya ɗora igiyar daga kan yatsata na dama zuwa na hagu, ya duba alama, ya yi dariya.

"Kai fadam ne cikakke," in ji shi. "Ƙafa shida, ba ragi ba ƙari. In igiya ta ɓata, kai za mu jefa."

Shi ya faɗa mini cewa a tsohon harshen kakanninsu kalmar ba ta da ruwa da teku. Ma'anarta hannuwa biyu a ware, da abin da mutum zai iya rungumewa da su. Daga nan ta zama awon igiya, don haka ake auna igiya, a ja daga hannu zuwa hannu ta kan ƙirji. Daga awon igiya ta zama awon zurfin ruwa. Daga baya kuma suka ɗauke ta suka kai kan tunani: idan Bature ya ce ya kasa fadam ɗin wani al'amari, yana nufin ya jefa igiyar hankalinsa bai taɓo ƙasa ba. Yana gama bayaninsa na ce masa ai mu ma muna da ita, sunanta gaba, da ita muke auna rijiya. Bai yarda ba sai da na kwatanta masa da hannu. Tun daga ranar na kama wata ɗabi'a, duk tashar da muka sauka sai na tambayi mutanenta yadda suke faɗa. Masu Faransanci a Dakar suna cewa brasse, daga kalmarsu ta hannu. Mutanen Fotugal suna da braça, ita ma haka. Larabawa a Jidda suka ce mini ba'i, mai faɗin ma sai da ya ware hannuwa har ya kusa ture mai shayi. A Hambog suna cewa Faden, kuma da ita suke kiran zare, don da hannu ake auna zaren tun asali. Mutanen da ba su taɓa ganin juna ba, kowa da ya rasa ma'auni sai ya buɗe ƙirjinsa. Bambanci ɗaya na gani. Turawa sun tsayar da nasu a ƙafa shida, ko wa ya riƙe igiyar. Mu namu yana nan a jikin mutum, yana tafiya tare da mai shi.

A gidanmu, can ƙasar Gwaram, akwai wata al'ada da kuka tarar amma ba ku san nauyinta ba. Rijiyar da ke tsakar gida Baba ne ya haƙa ta da ƙannensa, suka fasa dutse kafin su kai ruwa, kuma saboda ita aka kafa gidan a wurin. Kowace shekara bayan kaka, maigida ke tufka sabuwar igiyar guga da ramar da aka noma a gefen gona. Ba a saya, ba a ba wani ya tufka. In ya gama sai ya tsaya a bakin rijiya, mutanen gida suna kallo, ya auna da hannunsa ya faɗi adadin. Tun ina yaro adadin bai taɓa canzawa ba: gaba tara zuwa ruwa, da ɗan abin riƙewa. Kafin in tafi Ikko Baba ya taɓa tsayar da ni muka haɗa baya muka ware hannuwa, yatsunmu suka zo daidai. Yaya Sale ma haka, duk dogayen hannuwa ne da mu. Da Baba ya rasu igiya ta koma hannun Yaya Sale, tare da gona da rumbuna da dawainiyar Innarmu har ta cika. Ni kuwa ina can ina aiko da atamfa da rediyo, ina ganin na yi ƙoƙari.

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, na samu dogon hutu na zo gida ni kaɗai bayan an girbe gero, dawa na tsaye. Ko'ina ka zauna maganar sabuwar jiha ake. A tashar Birnin Kudu wani mai tireda har ya goge Kano daga allonsa, amma fentin bai ishe shi ya rubuta sabon sunan duka ba. Ma'aikata 'yan asalin wannan yanki an ce su koma Dutse, Dutse kuwa ba ta da ɗakunan da za su ɗauke su, don haka da yawa suka kama haya a garuruwan kusa. Cikinsu har da Lawan, ɗan farin Yaya Sale, wanda ya samu gida mai ɗakuna da famfo a Birnin Kudu. Ni kuma an riga an faɗa mini cewa in na koma, ni za a ba bosin. Shekaru ina jiran wannan.

Habi ce ta tare ni a ƙofar gida. Kun san wasan da ke tsakanin matar wa da ƙanen miji, ita kuwa ba ta taɓa yi mini rangwame ba.

"Maraba da Baturen ruwa," ta ce. "Ka zo da kifin, ko ka cinye a hanya?"

"Na zo da kaina. Bai isa ba?"

"Kai ɗin da ko buta ba ka iya cikawa sai an ɗebo maka? Shigo dai, mu gan ka da kyau kafin a tashi."

"A tashi zuwa ina?"

Sai ta juya ta shiga madafi, ta bar ni da tambayata.

Bayan la'asar, muna zaune a zaure da ƙwaryar fura tsakaninmu, Yaya Sale ya faɗa mini. Ya ce rijiya tana mutuwa. Shekaru uku da suka wuce igiya ta kai gaba goma, bara goma sha ɗaya, bana kuma bai ma tufka ba tukuna, don bai san inda za ta tsaya ba. Ya ce ruwa yana gudu ƙasa, kuma gidan da ba ruwa ba gida ba ne. Bai kama sunan Lawan ba, ɗan fari ne, bai taɓa kamawa ba.

"Yaron nan ya ce mu koma wurinsa. Na amsa masa. In an shigar da dawa za mu tashi. Gonar akwai mai so."

"Gidan fa, Yaya?"

"Gida ƙasa ne, Ilu. Damina biyu ta ishe shi ya koma inda ya fito."

Na yarda da shi nan take. Me zai hana? Tun shekarun fari rijiyoyi da yawa sun ja baya a yankinmu, kowa ya sani. Kuma duk ƙauyen an riga an ji, har a masallaci ana yi masa jaje. Na kwana biyu ina zagaya gidan kamar mai sallama da majinyaci. Na tsaya a ɗakin Inna, na tsaya gindin tsamiyar da Baba ke jeme fata. Na ga biranen da mutanensu suka gina bene a kan ruwa, na ga inda ake sayar da ruwan sha a kwalba, amma ban taɓa kawo wa raina cewa wurin da nake cewa zan koma wata rana zai iya tashi ya bar ni ba.

A sallah na fara lura. Muna sahu ɗaya, Yaya Sale yana damana, aka yi kabbara, sai na ga hannunsa na hagu ya tsaya a wajen ƙirji bai kai kunne ba. Na ce ko gajiya ce. Kashegari na ga yadda yake sa riga, sai ya fara zura hagun a hankali, ya jawo rigar ta samansa. Ƙwaryar fura ma da dama kaɗai yake ɗauka, ya tokare ta da gwiwa. 

Ranar kasuwar Gwaram Yaya Sale ya tafi can tun da hantsi. A jakata akwai igiyar darma da na haɗa da hannuna a jirgi, ina yawo da ita kamar yadda wani ke yawo da carbi. Ban ɗauko ta don in ƙaryata kowa ba. So nake in auna rijiyar Baba sau ɗaya da awon da na yi rayuwata a kansa, kafin a bar ta. Na roƙi Habi ɗan kitse, na cusa a gindin darmar, na tsaya a kan itacen bakin rijiya, wanda igiyoyin shekaru suka yi wa zane kamar tsagar fuska. Na saki a hankali. Fata ta wuce, farin tsumma ya wuce, ja ya wuce. Ina jiran fata mai huda ta wuce ita ma, sai na ji darma ta taɓa ruwa, alamar goma tana nan a hannuna ba ta kai bakin rijiya ba. Na jawo na sake. Na auna da hannuwana kamar yadda Baba ke yi. Tara. Na ƙara saki har ƙasa, na samu ruwa ya fi tsayin mutum, kitsen kuma ya fito da farin yashi mai tsabta, irin na idon ruwa mai rai.

Habi tana bakin turmi, ta daina daka tun ɗazu.

"To, malamin teku, me ta ce maka?"

"Habi, ruwan nan bai je ko'ina ba."

"Ni da nake jan sa safe da yamma, sai ka taso daga Ikko ka faɗa mini?" Ta ajiye taɓarya ta matso. "Ja nawa nake yi guga ta fito, hannuna ya sani tun ina amarya. Sabuwar igiya ma in na naɗe ta a maratayi, daidai take da tsohuwa. Tun shekarar da ya ce goma na gane."

"Kika yi shiru."

"In ce me? In tsaya gaban yara in ce Malam, ba rijiya ba ce, hannunka ne ya ƙi buɗewa?"

Ta faɗa mini cewa damina uku baya ya faɗi a gona yana huɗa, aka ɗauko shi baki a karkace, hannun hagu ba ya motsi. Ya tashi bayan kwanaki, bakinsa ya koma daidai, amma hannun bai koma ba, kuma kowace shekara ƙara naɗewa yake. Noman bana ma yawanci gayya ce ta yi shi, shi yana bi a baya yana nuna kamar duba aiki yake.

"Kuma kar ka ɗauka ni waliyyiya ce," ta ce. "An ce gidan can famfo ne, ka murɗa ruwa ya zo. Na ɗan yi sha'awa. Amma in aka kai yayanka gari aka ajiye shi a kan benci yana kallon motoci, ba zai shekara ba. Ka san shi. Sai dai in ka buɗe baki gaban yaron nan, ko gaban mutane, ni da kai har abada."

Na daɗe a bakin rijiyar da igiya a hannu. Gaskiya tana hannuna, amma ban ga amfanin da za ta yi wa kowa ba in na ajiye ta haka tsirara. In na ce ruwa yana nan, tambayar da za ta biyo baya ita ce, to me ya sami awon? Kowa kuma zai juya ya kalli hannun Yaya Sale.

Bayan kwana biyu ya ce in raka shi fadama, inda ya jiƙa rama a wani kududdufi. Muka zauna a inuwar ɗorawa muna ɓare ta. Shi yana take kara da ƙafa yana ja da dama. Sai na kama ba shi labarin jirgi, wanda dama yana so, ko da yake yakan nuna kamar bai damu ba. Na ba shi labarin darma da kitse, da tsohon bosin, da kalmar nan tasu.

"Wai Turawa ma da hannu suke awo?" ya ce. "Duk iliminsu?"

"Da can haka suke yi, kamar mu. Kalmar ma asalinta hannu biyu a ware."

"To me ya sa suka daina?"

"Sun ga hannun mutum ba ya zama yadda yake, Yaya. Na wani ya fi na wani. Mutum ɗaya ma, na bana ba lallai ya zama na bara ba. Ruwa kuwa yana inda yake."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da jan ramar har ya kai ƙarshen karan, ya ajiye, ya goge hannunsa a wando.

"Habi ce ta faɗa maka."

"Rijiya ce ta faɗa mini. Habi ta dai ƙara bayani."

Ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Shekarar farko da gaske na ɗauka ruwan ne," ya ce. "Wallahi na ɗauka. Na ƙirga goma, gabana ya faɗi. Shekara ta biyu ina cikin awo na ga inda hannun ya tsaya, na gane. Amma na riga na faɗa wa mutane, kuma na ga maganar ta fi mini sauƙi. Rijiya ba ta jin kunya, Ilu. In an ce ta ƙafe, ba wanda zai riƙa binta da sannu. Ni kuwa in aka ce Sale ya kasa riƙe garma a gonar ubansa, da wane ido zan shiga masallaci? Yanzu ka auna, ka gano, madalla. Ruwa yana nan. Wa zai yi noman? Yaron nan ya zama na ofis. Ƙannensa mata ne, suna ɗakunansu. Igiyarka tana huɗa?"

Ban shirya amsar ba. Ban kwana ina tunaninta ba, ban yi shawara da mahaifiyarku ba, kuma wannan ta daɗe tana tuna mini. Na dubi hannun da ya riƙe gidan nan duk shekarun da nawa ke jefa darma a kogunan mutane, sai na ji bakina ya ce:

"Ni zan yi."

"Kai?" Ya kama tafin hannuna ya juya shi kamar mai taya akuya. "Kantar igiya ce wannan, ba ta garma ba. Kunya ɗaya za ka yi ka nemi likita."

"Sai ka zauna a inuwa kana yi mini faɗa. Dama ka iya."

"An ce za a ba ka sarautar jirgi."

"Za a ba wani."

Ya saki hannuna, ya jawo wani karan rama. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba:

"To mutane fa? Na ce musu rijiya ta mutu."

Dabarar tasa ce, ba tawa ba, kuma har yau in na tuna sai na yi murmushi. Ya ce a kira masu yasar rijiya. Da Lawan ya zo ranar Asabar da maganar motar kwasar kaya, uban ya ce masa, ta bakina, a dakata tukuna, Baffansa ya zo da wani ilimin ruwa daga teku, ya ce a gwada yasa kafin a yanke ƙauna. Lawan ya dube ni.

"Baffa, yasa tana dawo da ruwan da ya gudu gaba biyu?"

"A teku na ga abin da ya fi haka," na ce masa. Ban yi ƙarya ba, na gani.

Aka yashe rijiya, aka fito da laka da tsofaffin guguna da wata ƙwarya da Habi ta rantse tun bikin Lawan take nemanta. Muka tufka igiya tare a zaure, shi yana ba ni zare ina murzawa a cinya, yana cewa tufkata ta yi kama da hanjin kaza. Ranar awo maƙwabta suka taru fiye da kullum, don kowa yana so ya gani. Yaya Sale ya ɗauko igiyar ya tsaya a bakin rijiya inda Baba ke tsayawa. Ya saki guga har ta taɓa ruwa, ya ƙulla alama, ya jawo. Sai ya miƙo mini.

"Ilu, auna. Kai ka saba da ruwa."

Duk wanda ke wurin ya san abin da ake nufi idan maigida ya miƙa igiyar nan. Na ware hannuwana na fara ja ta kan ƙirjina, ina ƙirgawa a fili. Da na kai ƙulli na ce:

"Tara."

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya Sale, fuskarsa ko motsi. "Ruwa ya dawo."

Habi ta rangaɗa guɗa, ta ƙara, ta kuma ƙarawa, har sai da ya juya ya ce mata ya isa haka, ba aure ake ba. Wani dattijo maƙwabcinmu ya riƙe hannuna ya ce lallai tafiya ta yi amfani. Ina zaton cikin dattawan akwai waɗanda suka gane. Ba wanda ya taɓa furtawa, kuma saboda wannan nake ganin girman mutanen ƙauyenmu fiye da na wurare da yawa da na sani.

Abin da ya biyo baya kun fi ni saninsa, don a kanku ya sauka. Na koma Ikko na ajiye aiki, na kwaso ku. Mahaifiyarku ba ta yi mini magana ba tun daga Agege har muka wuce Zariya, kuma da ta buɗe baki cewa ta yi in miƙo mata ruwa. Ta bar maƙwabtan da ta saba da su da sana'ar ɗinkinta. Ku kuka bar makarantarku kuka koma ta Birnin Kudu, kuna zaune wurin Lawan, ana yi muku dariya don Hausarku ta cakuɗe da Yarabanci. Ban raina wannan ba, kuma ban ce ku manta ba. Ni ma na biya nawa. Bosin ɗin aka ba wani yaro da ni na koya masa ƙulli. Daminar farko hannuwana suka fashe, bayana ya ƙi miƙewa, Yaya Sale yana gindin ɗorawa yana sanar da duk mai wucewa cewa kunyata ta karkace kamar hanyar maciji. Teku kuwa ban sake ganinta ba sai ta tagar jirgin sama, shekarar da muka je Makka, na hango ta can ƙasa shuɗiya, na ji ƙamshinta a hancina ko da yake na san ba zai yiwu ba.

Amma Yaya Sale ya ƙara shekaru masu yawa a gidan ubansa. Shi ke raba hatsi, shi ake gaisarwa da farko, shi ya ɗaura auren yawancinku. Ya cika a ɗakin da aka haife shi. Mahaifiyarku da ta ce ba za ta wata uku ba, ita ce ta kafa lambun albasa da tattasai a bayan rijiya, yanzu ko Birnin Kudu aka ce ta kwana biyu sai ta ce wa zai ba shukarta ruwa. Ni kuma na gano cewa mutumin da ya iya gaisuwa da harsuna shida yana iya zama a zaure ɗaya shekara da shekaru bai ƙosa ba, in dai akwai wanda zai yi musu da shi. Na ci dawar da na noma. Ban san abin da bosin zai ba ni da ya fi wannan ba.

Saura magana ɗaya. Bana bayan kaka na tufka igiya kamar kullum, na tsaya a bakin rijiya na auna. Habi tana zaune a kan tabarma, idonta ya yi rauni amma kunnenta garau. Na ƙirga a hankali, na kai ƙulli, na tsaya.

"Nawa, Baturen ruwa?" ta ce.

"Goma."

"To. A kira masu yasa?"

Muka yi dariya har tari ya kama ta. Igiyar darma tana nan a akwati, ban ɗauko ta ba, don na san abin da za ta ce. Rijiyar Baba gaba tara ce, kafaɗata ce ta fara tafiya. Ni ba zan ce muku ruwa ya gudu ba, kuma ba zan ce wa kowa ya bar aikinsa ba, don na san nauyin abin. Rama dai na jiƙa ta da yawa bana. Duk wanda ya ga zai iya a cikinku, ya zo bayan kaka mai zuwa, ya tsaya inda nake tsayawa, in miƙa masa ya auna.